Aiken Inna

Ni dai tun ina yarinya an san ni da mita. Inna, mahaifiyata, takan ce ko naman Sallah aka ba ni sai na tambayi inda romon ya tafi. Da aka kawo ni gidan miji Gumel daga ƙauyenmu na ƙasar Gagarawa, da halina na taho, ban bar ko kaɗan a gida ba.

Maigidana dillalin tumaki ne. Duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, kuma ba ya dawowa hannu rabbana: cukun Buzaye, dabino, wani sa'in turmin atamfa. Ni kuwa sai in jujjuya abin in taɓe baki. Cukun ya bushe, dabinon duk ƙwari, atamfar an daina yayinta tun bara. Shi ba mai magana ba ne. "To" kawai zai ce, ya sa takalmi ya fita.

Wata Alhamis ya dawo ba komai. Ta gaba ma haka. Hirar da mukan yi bayan la'asar ta mutu, sai dai ya ajiye cefane ya juya. Ba faɗa, ba zagi, amma gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Wallahi na ji tsoro. Na ga mutumin nan yana suɓuce mini alhali muna gida ɗaya, girman kai kuma ya hana ni buɗe baki.

Ana haka Inna ta zo ganin likitan ido, ta sauka wurinmu na kwana bakwai. Tsakaninta da surukinta akwai kunya sosai. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa daga ƙuryar ɗaki, lulluɓe da mayafi. Ranar farko ya aiko mata da goro huɗu. Washegari da hantsi ta kira ni.

"Ke, je ki ce wa maigidan nan an gode da goron jiya. Ki taya ni godiya."

"Inna, ai kin yi godiya jiya!"

"Ta jiya daban, ta yau daban. Tashi."

Haka ake yi a ƙauyenmu, alheri ba ya kwana ba a koma masa da godiya ba. Na tafi ina ƙunƙuni, na same shi yana ɗaure wani rago. Na ce, "Inna ta ce an gode da goron jiya." Maganar ta fito da ƙyar, kamar ina haɗiyar maɗaci. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ba komai." Amma na ga fuskarsa ta saki.

Kashegari ta sake aikena, wai an gode da keke-napep ɗin da ya ɗauko mata zuwa asibiti. To, wannan da sauƙi. A aike na uku ta ce an gode da ruwan da ya sa aka cika randa. Na huɗu, an gode da ƙyauren ɗakin girki da ya gyara.

"Haba Inna! Ƙyauren naki ne?"

"Oho. Ni dai na ga an gyara. Ke da kike da ido biyu lafiyayyu ba ki gani ba?"

Tsohuwa mai yana a ido ta hango a kwana huɗu abin da na shekara goma ina tsallakewa. Daga ranar na fara lura da kaina: itacen da ba ya yankewa, takalman yara da ake ɗinkewa ban san yaushe ba, darbejiyar da ya dasa daidai inda nake wanke-wanke don rana.

Ranar Laraba ya saka Inna a mota ta koma gida. Alhamis da sassafe yana shirin Maigatari, na tsaya a bayansa, ba aike, ba mai tura ni.

"An gode da jiya," na ce.

Bai juyo ba. "Ai Inna ta tafi."

"Ba Inna ba ce. Ni ce."

Ya daɗe yana gyara hular da ba abin da ya same ta. Sannan ya sa takalmi ya fita. Na wuni ina cizon yatsa, ina cewa na zubar da ajina a banza.

Da yamma sai ga shi da cuku a ƙunshe cikin takarda. Busasshe ne ƙamas, na rantse har ya fi na da. Na zauna a tabarma na cinye shi tas, shi kuma ya zauna gefe yana ba ni labarin kasuwa har aka kira magariba.

Mitar ba ta bar ni duka ba, kada in yi ƙarya. Amma yanzu kullum da safe nakan nemi abu ɗaya na jiya in koma masa da godiya, kuma ban taɓa nema na rasa ba. Inna ta rasu shekara uku ke nan. Abin da ke cina har yau shi ne, a duk aiken nan da ta yi mini, ban taɓa komawa na ce mata an gode ba.