Baba Idirisu Basarke, Wanda Sanyin Teku Ya Ɗauke Mana

Ranar Laraba ta farko a watan Rajab, shekara ta 1226 bayan Hijira, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Idirisu Basarke, mutumin Yawuri, a cikin jirgin farautar kifi, nesa da gaɓar Bahiya, ƙasar bautarmu a ƙetaren teku. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, ko ta tudu ko ta ruwa. Ni Yahaya, bawa kamar yadda yake bawa, abokin tuƙinsa a jirgi ɗaya, ina wurin, kansa yana bisa cinyata. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwanmu Hausawa da ke cikin birnin Salbado, masu dako da masu talla, waɗanda labarin ya iske su guntu-guntu.

Baba, waɗanda ke aiki a cikin birni ba za su gane irin sanyin da ya ci ka ba. A ƙasarmu sanyi da damina ba sa haɗa hanya. A nan kuwa tare suke zuwa, kuma lokacin ne ƙattin kifayen nan da suka fi giwa girma suke shigowa kusa da gaɓa, ubangidanmu ya tura mu mu farauto su, don man da ake kunna fitilun birni da shi. Da asuba ake fita. Ruwan sama daga bisa, feshin teku daga gefe, iskar kudu tana ratsa mutum har ɓargo, jikinmu ba komai sai ɗan wando na buhu.

Ranar da aka fara saka ni jirgi, haƙorana suna kaɗawa har na ciji harshena. Kana gaba riƙe da zago, mashin da kakanninka suke sukar dorina da shi a Kwara. Ka waiwayo ka dube ni, ka ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce daga Zazzau. Ka ce, "To, Bazazzagi, matso nan. Ruwa ba ya sanin malami, ba ya sanin sarki." Ka turo mini kasko da ƙafarka. Yashi ne a ƙasansa, garwashin ɓawon kwakwa a sama, an lulluɓe da toka. Ka nuna mini yadda zan sa shi tsakanin ƙafafuna in durƙusa a kansa. Wannan ne ɗumi na farko da na ji tun da aka sauke ni a ƙasar nan.

Babu kaba a Bahiya, amma ba ka bar mu haka ba. Da ganyen kwakwa ka riƙa saƙa mana kabido, rigar ruwa irin ta masuntan gida, kana yi ranar Lahadi, ranar da kowa ke neman inda zai miƙe bayansa. Ka saƙa wa Hausawa, ka saƙa wa Yarabawa, har da wani Ba'angole da ba ku jin harshen juna. Ka koya mana mu shafe ƙirji da gadon baya da man kifi kafin fita, ko da warinsa zai hana mu cin abinci. Ka ce in wando ya jiƙe a tuɓe a matse, kada a bar shi ya sha jinin mutum. In jira ya yi tsawo kifi bai ɓullo ba, sai ka sa mu zauna baya da baya, kana jan waƙar Sarkawa muna amsawa, wanda ya yi shiru ka zungure shi da gindin filafili. Kana cewa barcin sanyi ƙanin mutuwa ne, kuma ba ya jin kunyar wansa.

Mai tsaron bayi yakan raba barasar rake a bakin ruwa, wai maganin sanyi. Ba ka taɓa zagin wanda ya karɓa ba. Cewa kawai kake yi, "Maƙogwaro take ɗumamawa, ta bar ƙashi a waje." Sai ka fiddo gorarka da aka naɗe da tsumma. Kunun garin rogo ne da citta da barkono da ɗan mazarƙwaila, wanda ka koya daga matarka Inna Lantana, 'yantacciya, mai soya kifi a gangaren da ake kira Ladera da Parasa. Gora ɗaya, bakuna da yawa. Kai ne kullum na ƙarshen sha, sau da dama kuwa tururin kawai ya rage maka.

Abin da ya faru shi ne wannan. Cikin daminar nan aka kawo mana wani sabon bawa, Sulaimanu, magidanci daga ƙasar Gobir, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwa ba sai a hanyar zuwansa. Ba a kai ga saƙa masa kabido ba aka jefa shi jirginmu. Ranar ka soki kifi, ya ja mu can cikin teku har tudu ya ɓace, sannan igiya ta tsinke. Hadari ya rufe mu. Taguwar ruwa ɗaya ta faɗo cikin jirgi ta kashe kaskon. Sulaimanu ya daina rawar ɗari, leɓunansa suka yi fari, ya fara kiran sunayen 'ya'yansa yana murmushi. Ka cire kabidonka ka lulluɓe shi, ka rungume shi ta baya, ƙirjinka a gadon bayansa, naka bayan kuma ga iska. Na ce, "Baba, karɓi nawa." Ka ce, "Kai kake tuƙi. In hannunka ya sandare, duka mun tafi." Haka ka zauna har muka ga gaɓa da la'asar.

Sulaimanu ya tashi. Kai kuwa tari ya kama ka, irin wanda ke fitowa daga ƙasan haƙarƙari. Muka yi abin da muka sani, wato abin da kai ka koya mana: gashi da tsumma mai zafi, citta, man kifi a ƙirji. Bai yi ba. Inna Lantana ta ji, ta bar kaskon suyarta, ta tako tun daga birni da ƙafa, ta durƙusa gaban mai tsaron bayi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni shi in yi jinya, in ya warke in dawo da shi da kaina." Ya ce kifi ba ya jiran mai tari, kuma babu wani mai zago kamarka. Ta kama ƙafarsa, ya janye. Muna tsaye muna kallo, mu maza, kowa hannunsa a gefensa.

Ranar Larabar da ƙyar ka taka zuwa jirgi. Muka tara maka kabido biyu, muka sa kasko a ƙafarka, amma jikinka yana ƙuna kamar murhu kana cewa sanyi kake ji. Ba a yi nisa ba zago ya suɓuce daga hannunka. Na kwantar da kai. Na roƙi mai riƙe da akalar jirgi ya juya, ya dube ni da idanu jajur ya ce, "Yahaya, in na juya ba kifi, ka san abin da ke jiran bayan kowa." Na sani. Shi ma bawa ne. Na shiga laƙƙana maka kalmar shahada, kana bi a hankali, ruwan sama yana zuba a fuskarka ina karewa da tafin hannuna. Ka cika ba a ji ko nishinka ba.

Ba mu yi maka wanka ba, Baba. Ba mu sa maka likkafani ba, duk da Inna Lantana ta zo da farin zanenta. Kafin ta iso an ɗora ka a amalanke an kai ka ramin da ake zuba bayi, babu mai iya nuna mana gefen da kake, balle mu san ko fuskarka na duban gabas. Sai ranar Lahadi muka taru a bayan wata gona a unguwar Bitoriya, a ɓoye, muka yi maka salla ba gawa a gabanmu. Abin da muka iya ke nan.

Inna Lantana, ba ni da kalmar da za ta isa. Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, Ya raya miki Uwani, 'yar da ya bari, Ya sa ta girma cikin 'yanci da addinin ubanta. Sulaimanu, ka daina cewa kai ka kashe shi. Ajali ne, kuma da hankalinsa ya zaɓi abin da ya yi. 'Yan jirginmu, Allah Ya ba mu dangana.

Ya Allah, Ka ga bawan da mutane suka mallaka, alhali naKa ne tun farko. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci duk da ƙuncin inda aka sa shi, Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Saura danginsa na Yawuri. Ban san ta inda gaisuwata za ta bi ta same su ba. Watakila ma sun yi masa sadakar mutuwa tun shekarar da aka kama shi, sun share hawaye, sun raɗa wa wani jariri sunansa. In haka ne, Allah Ya raya Idirisun da ke can.