Tarin Auta

Shagon Baba Kunne yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin shagon tela da na mai sayar da magani. In mutum biyu suka zo tare, sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Teburi ɗaya ne a ciki, da kujera, da fitila mai dogon wuya, da ƙarfen dalma wanda ba ya hucewa daga safe zuwa yamma. Sauran wurin kantoci ne har rufi, cike da rediyoyi da rikodojin da masu su suka kawo gyara ba su sake waiwayarsu ba.

Ba a banza sunan Kunne ya bi shi ba. In aka kawo masa rediyo, ba ya fara kwance shi. Sai ya kunna, ya rage murya ƙasa-ƙasa, ya kara kunnensa a jikin lasifika, ya lumshe ido. Abin da ake faɗa a ciki bai dame shi ba. Abin da ke bayan maganar yake bi: ƙugi, ko shuu, ko ɗan ƙas-ƙas na wayar da ta saki. Can sai ya ɗora yatsa a wuri ɗaya ya ce, "Ciwonsa a nan yake." Kuma ba ya miƙa wa kowa kayansa sai ya gwada a gabansa.

Abu ɗaya ne mutanen layin suka kasa gane masa. Ba ya son 'Yan Bakin Gada, makaɗan nan da suka zama son kowa ƙin wanda ya rasa. Da waƙarsu aka yi auren rabin layin. Direbobi da ita suke tuƙi, mata da ita suke wanki. Shi kuwa in ya ji su, sai ya ce kamar ana jan tukwane a kan siminti.

"Kai Kunne," in ji Tela, maƙwabcinsa, yana leƙowa da almakashi a hannu, "wanda ba ya son 'Yan Bakin Gada a kai shi asibiti. Ko dai ba shi da jini, ko ba shi da zuciya."

"Ina da kunne dai."

"Jaki ma yana da kunne, har ya fi naka tsawo."

"To je ka kunna masa, ka bar ni in yi aiki."

Abin da ya sa zancen ya fi ba mutane mamaki shi ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, Auta, shi ne mai gangar 'Yan Bakin Gada na farko. Siririn saurayi ne mai yawan dariya, yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya; ko abinci yake jira sai ya kaɗa gefen kwano. Sau ɗaya ya taɓa jan yayansa zuwa wurin wasansu. Kunne ya daure iya daurewa, daga baya ya fita ya tsaya wajen masu gadin babura har aka tashi. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. Ya so ya ji abin da mutane ke ji, kunnen ne ya ƙi.

Wata rana da la'asar Auta ya faɗo shagon da kaset ɗinsu na farko, ko ledarsa ba a cire ba.

"Yaya, ajiye ƙarfen nan. Yau sai ka ji ƙaninka a cikin akwati."

Kunne ya sa kaset ɗin, ya rage murya kamar yadda ya saba, ya kara kunne. A waƙar farko, bayan amshi na biyu, akwai inda kiɗa ke ɗaukewa na numfashi ɗaya kafin ganga ta dawo. A cikin wannan ɗan shirun, can baya, wani ya yi tari. Gajere ne, busasshe a farko, da ɗan nauyi a ƙarshe.

Ya danna maɓalli ya tsayar. "Akwai aibi a ɗaukar nan."

"Aibin me?"

"Wani ya yi tari a bayan kiɗa. Wane irin aiki ne wannan? Ka ce su sake ɗauka."

Auta ya bushe da dariya har da dafa bango. "Yaya, ni ne fa! Waƙa guda sukutum, abin da ka tsinta ke nan?"

Dariyar ta ƙare da tari, irin wancan sak, a nan bakin ƙofar shagon. Kunne bai ɗago ba. Yana sunkuye yana goge kan rikodar da auduga. Ya zare kaset ɗin ya miƙa ta bayan kafaɗa ya ce, "Riƙe abinka. In sun gyara ka kawo mini."

Shekara ba ta zagayo ba aka binne Auta. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin ƙirjinsa, da an kawo shi da wuri da wata magana ake yi. Kunne ya ji wannan a tsaye a barandar asibiti. Shi da yake jin ciwon rediyo tun kafin a buɗe shi, ya ji ciwon ɗan'uwansa da kunnensa, ya ɗauka ciwon kaset ne.

Auta ya bar mata da jaririya. Da matar ta sake aure, yarinyar ta dawo hannun Kunne da matarsa. Sunan mahaifiyar su Kunne da Auta aka sa mata, saboda haka Uwata yake ce mata.

'Yan Bakin Gada suka sami wani mai ganga, suka ci gaba da ɗaukaka. Amma waccan waƙar ta farko ita ce ba ta tsufa ba, kuma ba su taɓa sake ɗaukarta ba. Nan ne wahalar Kunne take. Duk rediyon da ya farfaɗo a hannunsa, kamar an aiko shi, da ita yake buɗe baki. Hannunsa ya koyi wurin: amshi na biyu na ƙarewa, sai ya murɗe murya. Amma rediyon shagonsa kawai yake da iko da shi. Mota za ta wuce da gilashi a sauke, ya ji tarin. Lasifikar biki daga layi na gaba, ya ji tarin. Ba wanda ke ji sai shi. Wani lokaci da rana tsaka, in layin ya yi tsit kuma keken ɗinkin Tela ya tsaya, yakan ji shi daga saman kantoci, inda babu rediyo ko ɗaya mai batir. Sai ya ɗan dakata da ƙarfe a hannu, dalma tana ɗiga, sannan ya ci gaba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa.

Uwata ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Tana son 'Yan Bakin Gada kamar ranta, don an ce mata gangar nan ta ubanta ce. Hotonsa ɗaya ne a gidan, shi ma ya kau da kai. A bangon kaset kuwa kafaɗarsa kawai ta fito, babban mawaƙin ya tare sauran. Auta bai taɓa rera ko baiti ɗaya ba, don haka muryarsa ba ta ko'ina.

"Baba, muryarsa irin taka ce?" Tun tana ƙarama take wannan tambayar.

"Ta fi tawa siranta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Uwata. Miƙo mini sukudireba."

Ya san akwai wuri ɗaya a duniya da abin da ya fito daga maƙogwaron ubanta ya rage. Amma in ya nuna mata, sai ya faɗi abin da ya ce a ranar.

Ana nan, wata rana ta biyo ta shagon daga wurin aiki, da fararen kayanta. Ta ajiye wayarta a kan teburi ta dafe da tafin hannu.

"Baba, sun sake fitar da tsofaffin waƙoƙin, an wanke su tas. Yau kam sai ka ji. Wannan ba ta da abin murɗawa."

"Uwata, ina da aiki."

"Aikin ya jira. Tela, zo ka tare mini ƙofa!"

Tela ya zo da gudu, abin nema ya samu. Waƙa ta fara. Kunne ya riƙe gefen teburi. Amshi na farko ya wuce, na biyu ya zo ya wuce, kiɗa ya ɗauke. Ya runtse ido yana jira.

Ba komai. Shiru fes, kamar ɗakin da aka share bayan an fitar da gawa. Ganga ta dawo.

"Ka ji yadda ta fito?" in ji Tela. "Ko ƙura babu!"

"Sun gyara," in ji Kunne. Muryarsa ta sa Uwata ta dube shi, amma ya riga ya juya ga fitilarsa.

Daga ranar gidajen rediyo suka koma sa sabuwar. Motoci ma haka. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana gudun tarin nan, sai ga shi yana tsayawa a bakin titi yana jiransa, ba ya zuwa. Na saman kantocin ma ya daina. Shirun ya fi tarin nauyi. Ya ga in ya mutu yau, Auta ya tafi ke nan gaba ɗaya, Uwata kuma ba za ta taɓa sanin akwai abin da aka goge ba.

Ya tambayi Tela ko yana da tsohon kaset ɗin.

"Kai? Kai ne ke neman 'Yan Bakin Gada? Lalle duniya ta zo ƙarshe. Ai jikokina sun zare zarensa sun yi wasa da shi tuntuni."

Ya tambayi direbobi, ya tambayi mai maganin. Kowa ya zubar da nasa. Sai ya tuna da kantocinsa. Mutane kan kawo rikoda gyara da kaset a cikinta, su manta. Ya ɗauko tsani ya fara sauko da su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe bakinsu. Wasu ba komai. Wasu wa'azi, wasu karatun yara, wata muryar wani matafiyi tana gaida iyalinsa. Ya yi kwanaki yana wannan, gyaran mutane na jira. Can ƙurya ya sami wata baƙar rikoda da bakinta ya cije. Ya kwance ta. A ciki ga kaset, rubutun jikinsa ya koɗe, amma ga kafaɗar nan a gefen hoton. Zaren ya naɗe a jikin robar da ke jansa, ya cukurkuɗe.

Ya warware shi a hankali da tsinke, ya miƙar da inda ya yamutse da bayan farce, ya naɗe shi da biro. Zaren ya yi laushi kamar tsohon ƙyalle. Ya ga da wuya ya jure wucewa biyu. A karo na farko tun da ya fara sana'a, ya gama gyara bai gwada ba. Ya aika a kira Uwata.

Ta zo da rana. Ya ba ta kujerar, ya jawo ƙofa, shi ya tsaya.

"Ki rage numfashi. Kada ki bi waƙar, ki bi abin da ke bayanta. Bayan amshi na biyu."

Ya danna. Waƙar ta fito da shuu da rawar murya, duk aibin da ya tsana. Ya tsaya ya sha ta tun daga farko, hannunsa a aljihu don kada ya kai ga maɓalli. Kiɗa ya ɗauke. Can baya, tarin ya fito.

Ya tsayar.

Uwata ba ta motsa ba. "Wane ne?"

"Ubanki."

Ta dubi lasifikar. Da ta yi magana, ba muryar 'ya ba ce, ta ma'aikaciyar jinya ce. "Baba, wannan tarin ba na ranar ba ne. Ya daɗe a ƙirji."

"Na sani. Yanzu."

"A lokacin ka ji shi?"

"A nan inda kike zaune. Shi ya kawo mini da hannunsa." Ya dubi bakin ƙofar. "Na ce akwai aibi, su sake ɗauka. Na mayar masa da abinsa."

"Shi me ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce waƙa guda sukutum, abin da na tsinta ke nan."

Ta sa gefen mayafinta ta share ido, sai kuma wata 'yar dariya ta kuɓuce mata. "Da ba ka tsinta ba, da wa zai tsinta?" Ta ɗauko wayarta ta kara a jikin lasifikar don ta ɗauka. "Mayar baya."

"Zaren zai iya tsinkewa."

"In ya tsinke ka ɗaura. Ba aikinka ba ne?"

Bai yarda da injin ba. Ya zare kaset ɗin ya zura biro, ya shiga juyawa a hankali. Daga waje Tela ya buga ƙofa.

"Kunne! Me nake ji? Ka tuba ne?"

"Har yanzu jan tukwane ne," in ji Baba Kunne. Ya mayar da kaset ɗin, ya dubi Uwata ta gyara riƙon wayar, sannan ya danna ya cire hannunsa.