Hayaƙin da Ba Mu Gani Ba

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Yaya, daga gare Shi muke, kuma ka riga mu komawa, kwana goma sha ɗaya bayan gobarar shagonka.

Shekara talatin kana yi wa kujerun mutane sabon soso da yadi. Wanda ya kawo maka kujera ɗaya, sai ka duba ƙafafunta huɗu ka ɗaure su ba a roƙe ka ba. Kullum kana cewa kayan mutane amana ne. Wannan maganar ce ta mayar da kai cikin shagon har sau uku, soso yana ci da wuta, kana jawo kujerun da ba naka ba.

Da na iso asibiti na ga hannu ɗaya kawai aka naɗe maka, har hamdala na yi. Ka yi mini murmushi ka ce, "Auta, kukan me za ki yi? Girki ma yana ƙona ki fiye da haka." Muryarka ta dushe. Na ɗauka mura ce, na aika aka sayo zuma.

Likita bai tsaya kan hannun ba. Ya leƙa hancinka, ya ga gashin ya babbake, ya sa ka tofa yawu, ya fito baƙi. Ya ce, "Baiwar Allah, ƙunar da nake tsoro tana ciki. Maƙogwaronsa zai kumbura, dole mu sa masa bututun numfashi."

Ni da bakina na ce a bar mu mu tafi gida. Ya ƙi, Allah ya saka masa da alheri. Ban yafe wa kaina wannan maganar ba. Fatar hannunka ta fara haɗewa, huhun ne ya ƙi, sai zazzaɓi ya shiga. Tun da aka sa bututun ba mu sake jin muryarka ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Matar Yaya da yara, Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Masu kujeru duk sun zo sun ɗauki kayansu, babu kujerar da ta ƙone. Zumar tana nan cikin jakata, ban buɗe ta ba.