Wasila Mai Sharmut

Kakan Wasila ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin Hajji. Da ya iso bakin kogin Shari sai ƙafarsa ta kumbura, ya ce bari ya huta kwana biyu. A cikin hutun nan ya yi aure, ya haifi 'ya'ya bakwai, ya gina gida a unguwar Bololo, sannan ya rasu. Ɗansa Audu, mahaifin Wasila, ya tashi mahauci a kasuwar Njamena.

Da aka raba gadon Audu, wuƙaƙe da teburi suka tafi wurin maza. Wasila ta tashi da tabarma biyu da tukunyar ƙarfe, sai kuma idon ubanta. In ta kalli tsoka a kan teburi takan gane ko saniyar ta ƙoshi da ciyawa kafin a yanka ta, ko kuwa kara da ƙasa ta yi ta lasa. Tana budurwa aka yi babban farin 1984. Ta ga ubanta yana sayar da nama kamar kyauta, mutane na sa masa albarka. Da shekara ta zagayo ta gan shi zaune gaban teburi babu komai a kai, yana korar ƙudajen da su ma ba su san abin da ya kawo su ba. Ba ta taɓa mantawa da shekarun nan biyu ba, da kuma wadda ta riga wata zuwa.

Ta auri Lukumanu, mai gyaran rediyo a unguwar Chagoua, mutum dogo marar hayaniya, wanda yake jin labaran duniya daga akwatuna huɗu a lokaci guda amma bai san farashin albasa ba. Suka haifi 'ya'ya uku. Cefane na hannun Wasila, kuma nama wurin mutum ɗaya take saye: Buba, wanda ya koyi fawa a hannun ubanta, yake kiranta 'yar maigida har bayan ta fara furfura.

Daminar 1993 ta yi gardama a arewa. A birni ba a ji komai ba da farko, sai dai bayan kaka aka ga kashin naman sefa ɗari biyar ya yi tudu. Makiyaya sun rasa ciyawa, suna koro shanu kasuwa kafin su mutu a hannunsu. Matan layi suka shiga murna. Hansatu, maƙwabciyar Wasila ta katanga, ta ce tun da aka kawo ta gidan miji ba ta taɓa ganin yaranta sun bar nama a kwano ba sai bana.

Wasila ta je teburin Buba, ta ɗaga tsoka, ta juya ta. Ja wur take, babu ɗigon kitse. Ta tambaye shi cinya guda nawa. Buba ya zaci suna za a yi, ya fara yi mata barka. Ta ce ba suna ba ne, kuma gobe ma a ajiye mata wata.

A ranar ta sayar da 'yan kunnen zinariyar aurenta. Ta sayo igiya da gishiri da wuƙa mai kaifi. A Chadi kowace mace ta san sharmut, wato naman da ake yanyankawa sirara-sirara a shanya a rana har ya bushe ƙayau, a daka a zuba a miyar kuɓewa. Amma abin da aka saba shi ne igiya ɗaya a bayan ɗaki. Wasila ta ɗaura goma sha ɗaya, daga katanga zuwa katanga. Da igiyar ta ƙare ta kwance wayar eriyar da Lukumanu ya ja a saman gida.

Lukumanu ya dawo da la'asar ya tarar babu hanyar shiga ɗakinsa sai a sunkuye. Ya sunkuya ya wuce. Sai da ya yi kwana huɗu yana sunkuyawa kafin ya tambaye ta ko lafiya.

"Malam, shanun nan da ake yankawa iyaye ne," in ji ta. "Baɗi wa zai haifi wasu?"

Ya ce bai ji an faɗi haka a rediyo ba. Ta ce shanu ba sa zuwa gidan rediyo.

Wata huɗu ta yi a haka. Naman fari ba shi da daɗin gashi, amma ya fi kowane dacewa da shanya, domin kitse ne ke sa sharmut ya yi wari, shi kuwa ba shi da ko kaɗan. Aikin da ya fi ba ta wahala shi ne gadi. Shirwa ta gano gidan, magen Hansatu ma haka. Wasila takan zauna a tsakar gida da doguwar gora, ido ɗaya a sama, ɗaya a kan katanga. Wanda ya bushe ta barbaɗe shi da barkono saboda ƙwari, ta cusa a buhu, ta jera a ɗakin da a da take ajiye kayan aurenta. Matan layi suna leƙowa su ga abin mamaki. Hansatu ta ce in yaƙi ake shirin yi a gaya musu su ma.

Ana cikin haka aka karya darajar sefa a farkon 1994. Fatake daga Najeriya suka ga shanun Chadi sun zame musu araha, suka shiga kora su ƙetaren kogi garke-garke. Sannan aka yi roƙon ruwa, ruwa kuma ya sauka sosai a daminar. Ciyawa ta fito, makiyayin da ya tsira da saniya goma ya riƙe abarsa, ko ɗaya ba zai sayar ba sai garke ya farfaɗo. Mutanen birni suka kasa gane lamarin: daji ya yi kore shar, nama kuma ya ɓace.

Buba yana alfahari da cewa shi bai taɓa ƙara wa kowa farashi ba, kuma gaskiyarsa. Kashin ɗari biyar yana nan a ɗari biyar. Kashin ne dai ya riƙa ramewa. Ya tashi daga yanka takwas ya koma biyar, ya koma uku da ƙashi, ya koma ƙashi da alamar nama a gefensa. Masu hali a unguwar Kabalaye suka koma sayen nama ranar Juma'a kawai. A Chagoua aka koma kan busasshen kifi, har shi ma ya gane ana bukatarsa ya hau.

A gidan Wasila miya ba ta canja ba. Ƙamshin yakan haura katanga. Sai aka ga abokan Lukumanu sun yawaita, kuma rediyoyinsu suna lalacewa ne daidai lokacin cin abincin rana. Shi kuwa ga kunya, ga jin daɗin an san gidansa. Ya fara ɗebo wa mutane a takarda, yana cewa ai abin banza ne, buhu-buhu ne a ɗaki. Wasila ba ta yi masa faɗa ba. Ta sayo kwaɗo ta sa wa ƙofar, ta ɗaura makullin a bakin zaninta. Da ya tambaya, ta ce saboda mage ne.

Hansatu ce ta fara zuwa saye. Ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yaba sabon shafen katanga wanda aka yi shekara uku da suka wuce, sannan ta ce ko za a sammata na miya ɗaya. Wasila ta daka, ta auna mata da finjalin shayi, ta karɓi kuɗinta, ba ta tuna mata maganar yaƙi ba. Kafin wata ya ƙare, mata suna zuwa daga unguwanni uku da 'yan kwanoninsu. Finjalin nan shi ya zama mudunta har ƙarshen sana'arta. Sunanta kuma ya koma Wasila mai sharmut. Ta mayar da 'yan kunnenta, ba irin na da ba, amma sun fi nauyi.

Tun daga lokacin layin ya sa mata ido. A 1999, shekarar da ruwa ya wadata, igiyar shanyar tufafinta ta tsinke, ta je kasuwa ta sayo sabuwa. Wani ya gan ta. Kafin azahar mata shida sun isa teburin Buba suna neman cinya, a lokacin da nama ke da tsadarsa. Hansatu har akuyarta ta sayar. Da yamma suka leƙo su ga yadda Wasila ta jera nata, suka tarar da wandunan Lukumanu uku da zanin gado suna shan iska. An yi wata biyu ba a gaisawa da ita sosai a layin, duk da ba wanda ya iya faɗin laifin da ta yi.

Farin 2004, wanda ya zo da fara, bai yi mata yadda na farko ya yi ba. Birni ya cika da mutane da sabon kuɗin man fetur, fataken ƙetare kuma sun koyi zuwa har kasuwannin ƙauye su tare shanu. Arahar mako uku kawai ta yi. Wasila ta cika buhu huɗu maimakon ashirin, ta ce ba laifi.

A ƙarshen 2009 ruwa ya sake ɗaukewa da wuri. Wannan karon ta ce ba za ta jira teburi ba, Buba ya raka ta kasuwar shanu ta bayan gari ta sayi saniya sukutum. Ba ta taɓa zuwa ba. Shekara ashirin da biyar tana karanta fari a jikin tsoka, ba ta taɓa ganinsa a tsaye da ƙafa huɗu ba. Shanun suna nan jingine da juna, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin hanya. Wasu an kawo su a amalanke saboda ba sa iya tafiya.

Buba ya kai ta wurin wani Balaraben daji, dattijo mai suna Abdussamad, wanda ya taso daga yankin Batha da shanu arba'in ya iso da uku. Biyu an saye. Ta ukun ja ce, tana kwance, shi kuma yana tsugune ya dafa wuyanta. Wasila ta yi masa sallama da Larabci ta tambayi kuɗinta. Maimakon ya faɗa, sai ya shiga ba ta tarihin saniyar: sunan uwarta, da kakarta, da rijiyar da aka haife ta kusa da ita, da yadda take gane muryarsa cikin dubu. Ya yi maganar ba tare da ya ɗago kai ba. A ƙarshe ya faɗi kuɗi.

Buba ya buɗe baki zai taya rabi, kamar yadda kowa ke yi a ranar. Wasila ta kwance bakin zani ta biya yadda aka faɗa. Matar da takan yi rabin sa'a tana ciniki a kan daddawa. A hanyar dawowa Buba ya yi ta mita, ya ce da maigida yana da rai da ya ji kunya, ta ɓata kasuwa, gobe kowa zai zo da tarihin saniyarsa. Ta ce masa ta ji.

Kwana uku bayan haka Abdussamad ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya bi sawu ne ta wurin Buba. Ya ce ba roƙo ya zo ba, yana so ya ga inda saniyarsa ta ƙare. Wasila ta shigo da shi. Ya tsaya a ƙarƙashin igiyoyin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce an yanka da kauri, ba zai bushe da kyau ba. Ta miƙa masa wuƙa ta ce ya nuna mata. Ya yanka siriri kamar zare, ta duba, ta ga ya fi nata.

Ya zauna musu wata bakwai, yana kwana a shagon Lukumanu, yana yanka da safe, yana karɓar ladansa duk Alhamis. Ba ya cin miyar da aka sa sharmut, kuma ba wanda ya tambaye shi dalili. Wasila takan yi masa tasa daban da kifi. Shi da Lukumanu suka shaƙu ƙwarai, ko da yake ɗaya bai damu da labaran duniya ba, ɗayan kuma bai san komai game da shanu ba. Sukan zauna a ƙofar shago kowa na ba da nasa labarin, ba mai katse wani.

Da ruwa ya sauka a daminar 2010, shanu suka yi tsadar da kowa ya san za su yi. Abin da Abdussamad ya tara bai kai kuɗin karsana ba. Wasila ta cika masa, ta ce ladan gyaran yanka ne da ya koya mata. Ya sayi 'yar karsana baƙa mai farin goshi, ya zo da ita har ƙofar gida don su gani. Lukumanu ya ba shi ƙaramar rediyo da batir huɗu. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tambaya ko tana faɗin inda aka yi ruwa. Lukumanu ya ce wani lokaci.

Ya kama hanyar arewa da hantsi, yana gaba karsanar na binsa. Wasila ta tsaya a bakin ƙofa har suka sha kwana, sannan ta koma ciki, don akwai mata biyu da ke jiranta da kwanoni tun ɗazu.