Ranar da Kwamfuta Ta Ce Rijiyar Kawu Ta Tumbatsa

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba na jin zan manta da yammacin da kawuna, mutumin da har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ganin kwamfuta ba, ya gano mini kuskuren da na tafka a cikinta.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, ina karatun lissafi a jami'a. Fari bai daɗe da wucewa ba, ruwan rijiyoyin ƙasarmu kuwa sai ƙara nisa yake yi. Wani jami'in ruwa a Gumel ya samu alkawarin injin haƙa na 'yan watanni, yana so ya san ƙauyukan da za a fara da su. Da ya ji ina neman aikin kammala karatu, sai ya ba ni awon ruwan rijiyoyi na shekara uku, daga Maigatari zuwa Gagarawa har Sule Tankarkar. Ya ce in sa kwamfutar jami'a ta jera masa su, wadda ruwanta ya fi ja da baya ta zo a sama.

A lokacin a jikin kati ake huda umarni, ka miƙa yau, ka dawo gobe ka karɓi amsa. Ita kwamfuta ba ta san komai ba sai ɗaya da sifili, tamu kuma a gurabe goma sha shida take jera su. Malaminmu ya taɓa nuna mana wata dabara: in kana son raba lamba gida biyu, ba sai ka sa ta rabawa ba, ka ce kawai ta matsar da abin da ke kowane gurbi zuwa na damansa. Dabarar ta burge ni ƙwarai. Da ita na raba canjin shekara biyu don in sami na shekara guda. Amsa ta fito, na kwafi shafin farko mai jerin sunaye na aika Gumel. Sauran shafukan masu lambobi ko duba su ban yi ba. Ƙuruciya ke nan, gani nake inji ba ya kuskure, ni ma da na ba shi umarni haka.

Da aka yi hutu sai na je gaida kawuna a ƙauyensu kusa da Ɗanzomo. Mahaƙin rijiya ne, kuma shi ke zura wa masu awo igiya. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida ya tambaye ni inda garinsu ya faɗo a jerin. Na ciro takardun da alfahari, na bi da yatsa, sai na same shi can ƙasa, cikin waɗanda ba su da buƙata.

“Cikin shekara biyun nan kusan gaba guda muka ƙara wa igiyar guga,” in ji shi. “Me injin naku ya ce ruwan ya yi?”

Na buɗe shafin lambobi. Na karanta, na sake karantawa. Wai ruwan yana ƙaruwa da inci dubu talatin da biyu da ɗari bakwai da talatin da takwas a shekara.

Kawu ya yi murmushi. “Ashe a kwale-kwale ya kamata mu riƙa zuwa kasuwar Maigatari.”

Ban iya dariya ba. Na duba sauran, duk rijiyar da ruwanta ya ragu haka aka ba ta dubbai. Wato ƙauyukan da suka fi jin ƙishirwa su na tura ƙarshen layi. Amma abin da ya fi cin raina shi ne, me ya sa kullum dubu talatin da biyu da wani abu?

“Nuna mini yadda yake ƙirga,” in ji Kawu.

Na tona ramuka goma sha shida a yashi, na ce tsakuwa tana nufin ɗaya, ramin da babu komai sifili. Na jera masa ragin inci sittin, wato kusan gaba gudan da ya faɗa, yadda injin ke rubuta shi, ramukan hagu duk cike da tsakuwa. Na ce ramin farko na hagu shi ne mai magana biyu. Wani lokaci tsakuwarsa alama ce cewa lambar tana ƙasa da sifili. Wani lokaci kuma ba alama ba ce, adadi ne mai yawa, sama da dubu talatin da biyu.

Ya daɗe yana kallon ramin. “To wa ke gaya masa wanne ne a ciki?”

“Mai rubuta umarni, Kawu.”

“Kai me ka gaya masa?”

Nan na tuna. Tun farko na ce wa injin lambobina ba su da alama, domin ruwan rijiya ba ya gaza sifili. Na manta cewa ruwan bana in an cire masa na bara yana iya gazawa. Kawu ya sa hannu ya matsar da tsakuwoyin dama, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na kwatanta masa dabarar rabawar, har ramin hagu ya zama wayam.

“Wannan fa, wa zai cike shi?”

Amsar ke nan gaba ɗaya. Da injin ya san lambar mai alama ce, da ya mayar wa ramin tsakuwarsa, a sami ragin talatin. Da yake na ce ba ta da alama, sai ya bar shi sifili, ya ɗauki ragin a matsayin ƙaton adadi ya raba biyu. Na lissafa a yashi, ya fito daidai da abin da ke takarda, ko inci ɗaya bai kauce ba. Kunya da daɗi suka haɗe mini a wuri guda.

Kwana biyu na yi ina sake lissafin da fensir, sannan na hau keke zuwa Gumel. Jami'in ya saurare ni har na gama, ya ce injin haƙa sai mako mai zuwa zai iso, kuma da na yi shiru da ba wanda zai sani sai an gama haƙa a inda ba a buƙata. Ya karɓi sabon jerin, ya ce nan gaba in riƙa kawo masa har da lambobin. Wani ƙauye wajen Gagarawa Tasha aka fara yi wa, garin Kawu ya zo na uku, bai kuma yi ƙorafi ba, ya ce ya san rijiyar can, ta fi tasu wahala.

Na yi shekaru ina koyar da wannan fanni, kuma abin da ranar ta koya mini bai canza ba. Inji ba ya sanin abin da kake nufi, abin da ka gaya masa kawai ya sani. Don haka duk amsar da ya ba ka, kafin ka aika da ita, kai ta wurin mutumin da ke jan igiyar da hannunsa.