Cikin Maƙwabciyata

A shekarun saba'in, lokacin da mijina yake aikin gyaran layin dogo a Kafanchan, bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na wata mata daga wajen Manchok. Mijinta shi ke kaɗa wa jirgi tuta a tasha. Yarenta daban, nawa daban, da Hausa muke hira. Shekara ɗaya aka yi mana aure, kuma har muka cika shekara huɗu babu wadda ta sami ciki. Abin da ya haɗa mu ke nan. Duk ranar da aka kawo jariri coci don a yi masa addu'a, a bencin baya muke zama. Mu dawo gida mu daka acca a turmi ɗaya, muna kwaikwayon tafiyar masu jego muna dariya.

A daminar shekara ta biyar zaninta ya fara ƙin haɗuwa. Mata a bakin famfo suka soma zolayarta. Mijinta ya hana ta ɗaukar bokiti, kullum ya taso aiki da ƙunshin hanta a hannu. Ni kuwa ina leƙen su ta gefen labule. Na daina aron turminta. In na ji takunta sai in ja ƙofa in yi kamar ina barci. Da uwar mijina ta zo daga ƙauye ta gan ta, sai ta dubi cikina ta kau da kai.

Wata rana da yamma ina kankare citta a ƙofar ɗaki, sai ta zo ta zauna a kan dutse kusa da ni.

"'Yar'uwa," ta ce, "wai mai ciki tana ganin wata?"

Na ci gaba da aikina.

"Nawa bai tsaya ba. Yakan yi kwana goma sha biyu, ya ɗauke kwana biyar, ya dawo. Kafin in kai kasuwa tsumma ya jiƙe. Har da gudaji. Kuma ban taɓa jin abu ya motsa ba."

"Ni za ki tambaya?" na ce. "Na taɓa yin ciki ne? Ki je wajen masu shi."

Ta tashi a hankali, tana dafa bango. Ba zan ɓoye ba, a lokacin wani ɗan sanyi na ji a raina. Na yi ta tunanin ƙila cikin ba zai zauna ba, mu koma yadda muke.

Bayan mako biyu, muna koyon waƙa a zumuntar mata ta coci, ta zame daga benci ta faɗi. A cikinmu akwai wata dattijuwa da ta daɗe tana aikin ungozoma a asibitin mishan kafin ta huta. Ta sa aka fitar da ita inuwa, ta ja fatar idonta ƙasa. Fari fat. Ta taɓa cikin.

"'Yata, tun yaushe kike zubar da jini haka?"

"Tun kafin shuka, Mama."

"Wa kika gaya wa?"

Ta ɗago ido ta dube ni, sannan ta ce, "Ba kowa."

Dattijuwar ta juyo gare mu duka, ranta a ɓace. Ta ce jinin da ya wuce mako, ko ya dawo tsakanin wata da wata, ko ya zo da gudaji da jiri, ba na jiƙe-jiƙe ba ne, ba kuma na ɓoyewa ba. Ta ce gobe a kai ta asibiti, kuma a roƙi takardar zuwa wajen likitan mata.

Aka ba ta takarda zuwa Jos. Ana neman mace da za ta yi jinya, sai ta ce ni take so. Ban sami bakin ƙi ba. A jirgi ta kwantar da kai a kafaɗata har muka hau tudun Jos, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Likitan ya duba ta, ya kira mijinta, ita kuma ta ce in shigo. Ya ce babu yaro. Ƙari ne ya fito a mahaifa, ya girma har ya tura ciki gaba, shi ne yake jawo jinin. Ya ce da ta zo tun watannin farko da ba ta rame haka ba, yanzu sai an ƙara mata jini kafin a yi aiki. Mijin ya naɗe hannun riga don a ɗebi jininsa tun likita bai rufe baki ba.

Na ɗauka daga nan hassadata ta ƙare, tunda abin da na yi wata da watanni ina ƙyashi ciwo ne. Ba ta ƙare ba. Kwana biyu bayan aikin na shigo da kunu a kwano, na tarar tana kuka tana ba shi haƙuri, wai ta sa masa rai a banza. Yana goge mata fuska da gefen rigarsa.

"Wa ya tambaye ki yaro?" ya ce. "Ke dai ki tashi mu koma gida."

Na tsaya a bakin ƙofa har kunun ya huce. Shekara biyar ina tare da mijina, ban taɓa jin magana irin wannan ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma in uwarsa ta fara maganar haihuwa sai ya ɗauki rediyonsa ya fita. Ga mace kwance da ɗinki a ciki, ko zama ba ta iya yi, ni kuma ina jin da ma ni ce a gadon.

Mun yi kusan mako uku a can. Ni na yi mata wanka, ni na wanke zannuwanta. Sau da yawa na buɗe baki in roƙe ta gafara, sai in tambaye ta ko za ta sha ruwa. Ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Likitan ya cire ƙarin ya bar mata mahaifar. Shekarar da ta biyo aka yi wa mijinta canjin aiki zuwa Makurɗi, muka raka su tasha. Bayan shekara biyu wani direban jirgi ya kawo mini wasiƙa: ta haifi mace. Na karanta, na tura ta ƙarƙashin katifa, ranar ban iya cin abinci ba. Sai da na yi kwana huɗu kafin na shiga kasuwa na sayi zaren ulu, na fara saƙa wa jaririyar hula.