Ɗinkin Rayyis da na warware

Shekarun baya, ba mu daɗe da barin Sudan mun sauka Alƙahira ba, babban ɗana ya samu wani tsohon jirgin ruwa da zai gyara. Ni ban yi karatu ba, wannan ma faɗa nake yi 'yata tana danna waya, don haka in kun ga magana ta karkace, bakina ne.

Jirgin irin wanda iska ke turawa ne, nan suna ce masa faluka. Ya shekara biyu a kife a bakin kogi, katakonsa duk ya tsattsage. Mai shi wani tsoho ne ɗan Masar, kowa Rayyis yake ce masa, wato shugaban jirgi. Gwiwoyinsa sun gaji, ba shi da ɗa namiji. Ya ga ɗana ya san ruwa, don mu tun can gida a bakin Nilu muka tashi, sai ya ce masa: in ka tashe shi kafin Shammun Nasim, kai za ka riƙa tuƙa shi, takardu kuma su zauna da sunana. Shammun Nasim ita ce ranar da duk garin ke fita bakin kogi shan iska da kifinsu mai gishiri da ɗanyar albasa. In bai gama ba, akwai ɗan ƙanwar Rayyis da ya daɗe yana zagaya jirgin. Ɗana kuwa a lokacin mutum ne mai mata da 'ya'ya huɗu, yana ɗaukar buhunan siminti a unguwar Madinat Nasr.

Ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Ya kankare tsohon fenti, ya cire katakon da ya ruɓe ya sa sabo, ya cusa auduga a kowace tsaga ya bi ta da kwalta. Suka tura jirgin ruwa ya kwana biyar yana sha har katakon ya kumbura ya haɗe bakinsa. Matarsa ta yi matasai na zama. Saura ƙyallen da iska ke bugawa, shi kuma na ce nawa ne, kada wanda ya taɓa.

Ina da hujjata. Shekara arba'in ina ɗinkin hannu. Katifa, labule, rumfar biki, babu wanda bai bi ta hannuna ba. A unguwarmu ta can gida, in mace ta shafa ɗinki ba ta ji tudu ba, ba ta tambayar wa ya yi.

Muka shimfiɗa yadin a saman benen da muke haya a unguwar Abbasiya, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Yadi ne na auduga mai kauri kamar akoko, an yanka shi falle-falle. Na haɗa su da basilla, sati biyu ina durƙushe. Da aka zo ɗinka igiya a gefensa, sai Rayyis ya ce wannan sai ya nuna da kansa. Ya hau bene bakwai da waɗannan gwiwoyi, yana tsayawa a kowane hawa yana salati.

Ya zauna, ya ɗaure igiyar a ƙafar tanki, ya fara. Ina tsaye ina kallo. Kowane suka ɗaya sai ya tura yadin da babban yatsa ya ɗan tattara shi a jikin igiya. Kafin ya yi kamu uku, gefen ya yamutse kamar fuskar wanda ya sha tsamiya.

Na ce, "Rayyis, hannunka rawa yake yi ne?"

Ya ce, "Haka ake yi, ya Hagga. Ki bi wannan har ƙarshe." Hagga ita ce Hajiya a bakinsu.

"A wane gari?"

"A kogi."

Ya sha shayinsa ya sauka. Ni kuma na ce a raina, tsoho ne, ido ya tafi, kunya ce ta hana shi faɗa. Da ɗana ya raka shi tashar mota, na ɗauki reza na warware kamu ukun nan tas. Na miƙar da yadin, na daidaita shi da igiya, na ɗinke shi sumul. Kwana huɗu na yi. Da ɗana ya hau ya gani, ya daɗe yana shafa gefen.

Ya ce, "Inna, ba haka Rayyis ya yi ba."

Na ce, "Na sani. Gyara masa na yi."

Ya naɗe ƙyallen ya saɓa a kafaɗa.

Saura kwana biyar biki aka fita gwaji. Na sa sabon mayafi na bi shi, don ina so in ga idon mutane sa'ad da za a buɗe aikina. Na zauna a kan benci wurin mai shayi, matuƙan sauran jiragen suna kewaye. Da hantsi ne, iska tana kaɗawa sosai. Aka ɗaga ƙyallen ya cika, fari fat, babu yamutsa ko ɗaya. Wani a gefena ya ce masha Allah. Na gyara zama.

Ba su kai tsakiyar kogi ba iska ta ƙaru. Na ji ƙara irin ta zane in ya kama ƙusa, amma mai tsawo. Ƙyallen ya kece tun daga sama, ya bi gefen igiyar har kusan ƙasa, ya koma yana ta fal-fal. Sai da wani jirgi mai inji ya jawo su.

Rayyis ya sauko ya kama gefen da ya yage, ya bi shi da yatsa. Sannan ya dubi ɗana.

"Ina ɗinkin da na fara?"

Ɗana ya sunkuyar da kai.

"Wa ya warware?"

Rayyis ya ɗaga igiyar ya nuna masa.

"Sabuwar igiya miƙewa take in iska ta ja. Yadi ba ya miƙewa. Shi ya sa ake bar masa rara, igiya ta ɗauki nauyi ita kaɗai. Yaron da ya kwana uku a kogi ya san wannan. Na hau bene bakwai na nuna maka. In ka warware ɗinkina a tudu, me za ka warware mini a ruwa da mutane goma a ciki? Khalas, magana ta ƙare. Ka gaishe da gida."

Ɗana ya ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Rayyis. Laifina ne." Ya fara tattara kayan aikinsa yana zubawa a buhu.

Gaskiya ban tashi nan take ba. Na tsaya ina kallonsa ya sa guduma, ya sa burushi, ya sa ragowar audugar. Ina ta lissafin maza nawa ne a wurin, kuma dukkansu sun ji lokacin da na ce wa mai shayi aikin hannuna ne za a buɗe. Sai da ya ɗaure bakin buhun na miƙe.

Na ce, "Rayyis, bar yaron nan. Ni na warware. Da reza. Ya ce mini ba haka ka yi ba, na ce gyara maka na yi."

Wani daga cikin matuƙan ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, "Shekara hamsin ba wanda ya gyara wa Rayyis, sai yau!"

Rayyis bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi ɗana, ya sake dubana.

"Me ya sa?"

"Ɗinkinka ba shi da kyau."

"Naki yana da kyau?"

"Ka gani ai, kafin ya yage."

Nan ya ɗan yi murmushi. Ya ce shi tun farko ya san ba hannun namiji ba ne, sukan sun yi ƙanana da yawa. So yake ya ji ko ɗana zai faɗa. Ya laluba aljihun jallabiyarsa ya zaro basillarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Yalla, kama aiki, ya Hagga. Kwana biyar gare ki. Wannan karon a nan, inda zan gan ki."

A bakin kogin na yi aikin, a kan tabarma, shi yana kujera a bayana. Muka yanke fallen da ya lalace muka sa sabo. Duk sa'ad da hannuna ya manta ya fara miƙar da yadin, sai in ji sandarsa ta taɓa tabarmar sau biyu. Matuƙan suka sa mini suna Injiniya, har yau wasunsu haka suke gaishe ni. Ranar bikin da safe aka ɗaga ƙyallen, gefensa a yamutse, jirgin ya fita da iyali guda da tulin albasarsu, ya dawo lafiya.

Rayyis ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa. Jirgin yana hannun ɗana, kuma duk ƙyallen da aka canja tun daga lokacin ni na ɗinka, a yamutse. Har gobe ba na ganin kyansa.

Mutane in sun ji labarin nan cewa suke na koyi sauraron masu sana'a. Wataƙila. Ni abin da ya fi zauna mini shi ne buhun nan da ya ɗaure. Mutum mai 'ya'ya huɗu zai koma ɗaukar siminti don kada a yi wa uwarsa dariya a gaban mai shayi. A motar komawa gida na ce masa, in na sake yin irin wannan, ka buɗe baki ka ce ni ce, ko a gaban wa. Ya ce, "To, Inna." Daga yadda ya faɗa na san ba zai yi ba. Shi ya sa yanzu nake riga shi faɗa.